Kayan Akori-kurata da Irin Goggo

Har yau in akori-kura ta tsaya kusa da ni, ba fentinta nake dubawa ba, bayanta nake leƙawa. 'Ya'yana sun gaji da wannan hali nawa. Sai in ga direba ya sha baƙin gilashi, ya ƙure kiɗa, amma bodin motarsa fayau, ko shebur babu. In na tambaye shi yadda zai yi in ta kafe masa a daji, sai ya zaro waya daga aljihu ya nuna mini. To, Allah ya ba da sabis. Mu lokacin da muka yi tuƙi tsakanin Sabon Birni da Isa, in ka kafe, daga kai sai Allah sai abin da ka ɗauko daga gida.

Na koyi mota a hannun wani tsohon direba Ba'adare wanda ya yi ƙuruciyarsa yana jan manyan motoci zuwa Agadas. Masifaffe ne na ƙarshe, Allah ya jiƙansa, amma ban taɓa ganin hanya ta gagare shi ba. Ba ya yarda a tada mota sai an sauke kayan aiki an jera a ƙasa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana taɓawa da sandarsa. In fasinja suka fara ƙorafin rana ta yi, ko kallo ba su ishe shi ba.

"Ba a hwahe gora ranat tahiya," in ji shi. "Wanda yam mance shebur gida, shi koma shi aje mota gida."

Da Allah ya ba ni tawa, tsohuwa ce, an ce fara ce a da, ƙofar fasinja ma da waya ake ɗaure ta. Amma wajen kaya ko motar gwamna ba ta kama ƙafarta ba. Na sa wani kafinta a Isa ya yi mini akwati daidai faɗin bodi, na kafe shi a bayan kai. A ciki akwai sifanoni naɗe a tsohon buhu, da filaya, da sukundireba, da guduma, da faci da gam ɗinsa, da fambel, da fulogi huɗu a gwangwanin madara. Jak biyu gare ni. Ƙaramin da motar ta zo da shi siriri ne, sai a kan kwalta yake da baki. Babban kuwa na mai ne, ja, kuma yana da gungumen ƙirya da ake aza shi a kai don kada ƙasa ta haɗiye shi. Ga igiyar ja mai tsawo, ga gajeren shebur, ga safaya, ga jarkar ruwa. Abin da na fi ji da shi kuwa tol ne guda biyu, wato falankan ƙarfe masu huje-huje da direbobin hamada ke shimfiɗa wa taya in rairayi ya riƙe ta. A Maraɗi na samo su, kuma duk tasharmu ni kaɗai ke da su.

Kowace Juma'a da hantsi nakan baje su a kan tabarma a ƙofar gida, in wanke da kananzir, in goge, in shafa wa jak mai. Matata ta ce da ita nake shafa wa mai haka, da duk garin ba wadda za ta kai ta sheƙi. Na ce ita ai ba ta tsatsa. Kwana biyu ba ta sa mini man shanu a tuwo ba.

Shekarun farko sun yi mini daɗi. Ranar kasuwar Bafarawa tun da sassafe motar ke cika, mutane a sama, awaki a ƙasa, kaji a cinya, wata tsohuwa kuma kullum sai ta rantse jiya ta biya. Kowane ƙauye ya san hon ɗina. Mata kan tare ni a bakin hanya da saƙo, wannan a gaya wa ɗiyarta an haihu, waccan a kai wa surukinta daddawa. In wata mota ta kafe a fadama, ba a neman kowa sai ni. In zo in sauke tol a hankali, jama'a na kallo, in ɗaga taya, in zura, in ce wa direban ya shiga ya ba ta wuta kaɗan-kaɗan. In ta fita yara su yi ta ihu. Ba na ɓoyewa, ina jin daɗin wannan kallo, har hula nake turawa gaba.

Sai fari ya zo, wanda aka yi a zamanin soja. Shekarar farko aka ce jarrabawa ce, ta biyu aka daina cewa komai. Gulbi ya koma rairayi zalla. Kayan da nake ɗauka suka canza, maimakon buhunan gero sai tukwane da tabarmi da tsofaffi, gida guda ya kwashe ya nufi kudu. In na dawo kuma in ɗauko garin rogo, abin da a da Bagobiri ko a bakin ƙofa bai yarda a ajiye masa ba. Duk da haka, in na tuna lokacin ba yunwar ce ke fara zo mini ba. Abin da ke zo mini shi ne yadda ƙwarya ɗaya ta tafasa da ƙuli ke zagaya zaure, kowa ya ɗan taɓa ya tura wa na kusa yana cewa ya ƙoshi.

Ƙauyenmu yana bayan Gatawa, kuma a ƙofar gidan Baba motar ke kwana. Baba dogo ne, ga zubensa na Gobirawa har wuya, magana kuwa sai ka ce saye yake. Ni ne ɗan fari, saboda haka tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In yana da magana da ni sai ya kalli bangon zaure ya yi ta, ni kuma in amsa wa bangon. Da na yi mota ya samu sauƙi, ya koma ce mini mai mota. A wurinmu kuma duk abin da ke kwana a ƙofar mutum, shi ake roƙo aronsa, ba ɗansa ba. Ba wanda zai tsallake uba ya je wurin ɗa, kuma uba bai iya cewa bari in tambayi yaro.

Da igiya aka fara. Rijiyar gari ta yi ƙasa, an ƙulla igiyar guga da ragama da tsumma har abin ƙullawa ya ƙare. Na dawo daga Isa wata rana na tarar Baba na kallon bango.

"Mutanen rijiya sun zaka," in ji shi. "Sun ce akwai igiya ga mota, tana kwance ba ta aikin komi. An ba su."

Na ce wa bango to madalla. Bayan mako biyu guga ya yage, aka zare tub ɗin safayata aka ɗinka sabo, tayar ta koma jingine a zaure kaji na hawa. Da rijiyar ta ƙafe gaba ɗaya aka koma haƙa a fadama, sai shebur ya bi. Rairayin wurin kuwa ba ya tsayawa, har ya taɓa rufta wa mai haƙa zuwa ƙirji, da kyar aka zaro shi. Washegari tol ɗina biyu suka sauka rami, aka tokare bango da su. Babban jak ne ya yi saura, shi ma gara ta ci azarar masallaci, rufin ya fara lotsawa, aka zo aka ɗauke shi har da gungumensa, aka kafa masa dogon itace a ka aka tallafe azarar kafin a samu wata. Ba a samu watan ba. Sau biyar a rana nake ganinsa a sahun gaba, dama da liman. Allah ya yafe mini, na sha yin sallama in tsinci idona a kan jak ɗina.

Raina ya ɓaci, ba kaɗan ba. Wata safiya na daure na zauna a zaure na gaya wa bango cewa damina ta kusa, mota kuma tana son kayanta.

Baba ya ci gaba da kallon bango. Can ya ce, "Wanda duk ka iya kwance igiya ga bakin rijiya mutane na kallo, shi tai shi kwance."

Ni kuwa da zafin kai na tashi na tafi. Na tarar da mata sun yi layi da tuluna tun daga bakin ramin har gindin aduwa. Igiyata ce ke ta sauka tana hawa, ta yi baƙi, ta yi laushi. Kafin in buɗe baki wata tsohuwa da ta yi goyon Inna ta hango ni, ta ɗaga hannu biyu.

"Ga mai igiya nan! Allah shi yi ma albarka, ɗan nan. Ba don kai ba da mi muka sha?"

Duk layin ya amsa da amin. Na ce ai ba komai, na zo ne in ga ko tana isa. Na juyo gida ina cizon yatsa. A hanya na lallashi kaina cewa shekara biyu ba a ga laka ba, me zai kafe mota a wannan ƙasa da ta bushe kamar ƙashi? Na san ƙarya nake yi wa kaina, don maigidana Ba'adaren nan ya sha faɗa mini cewa laka tana jin lallashi, rairayi ne ba ya ji. Abin da ya rage a akwatin shi ne sifanoni da tarkacensu, sai ƙaramin jak.

A wannan shekarar iri ya ƙare mana. Baba ya yi binne da bazara, ya zuba gero a busasshiyar ƙasa yana jiran sama. Aka yi ɗan yayyafi, ya tsiro, rana ta ƙone shi. Ya sake shukawa da abin da ya rage, shi ma haka. Rumbu kuwa tuni aka share shi har da tsintsiya. Kowa a gidan ya san inda iri yake. Goggo, ƙanwar Baba da ke aure a wani ƙauye a hayin gulbi, ta wajen Kamarawa, mace ce da ba ta taɓa yarda irin gidan ubanta ya yanke ba. Ta ma aiko sau biyu cewa in ana so a zo. Amma a ce Baba ya aika gidan mijin ƙanwarsa neman iri? Ya gwammace ya yi ta kallon gona.

Ran wata Alhamis bayan azahar gabas ta haɗe, iska ta taso, aka tsuge da ruwa irin wanda muka manta kamanninsa. Mata suka fito da duk abin da ke riƙe ruwa, har da murfin tukunya. Ƙamshin ƙasa ya cika gari, wani maƙwabcinmu ya tsaya a tsakar titi yana kuka yana dariya. Da aka ɗauke, Baba ya fita bayan gida ya tona da hannu, ya zura har gwiwar hannu, ya zaro da danshi. Ruwan shuka ne. Kowa kuma ya san irin ƙasarmu, jigawa ce, kwana ɗaya take ba ka, in ta yi kirki ɗaya da rabi. Ya dawo zaure ya zauna, ya kalli bango.

"In mai mota ya ga dama, gobe shi tai shi gaida goggonai."

Ana sallame asuba na tada mota. Ta kwalta hanyar tana da nisa, sai ka zagaya ta Isa, don haka na yanke ta mashigin gulbi. Ruwan jiya ya danne rairayin ya yi tauri, na wuce a kansa kamar a kan daɓe, har ina yi wa kaina kirari. Da hantsi ina gidan Goggo.

Ita gajeruwa ce, duk maganar da aka hana Baba ita aka ba. Tun kafin in gama gaisuwa ta fara.

"Sai yau? Sai da ruwa yas sauka kana yayana yat tuna yana da ƙanwa? Mutum shi gwammace gonatai ta kwan banza da shi buɗe baki! Halin tsohonmu na, bai bar komi ba."

Tana faɗa tana jawo wani tulu daga ƙarƙashin gado, bakinsa liƙe da laka. Ta fasa, ta kwashe tokar da ke sama, sai ga gero, manyan ƙwaya, fari tas, irin da kakanmu ke nomawa. Ta auna tiya shida ta juye a wani tsohon zane, ta ƙulle da kanta. Daidai gandun Baba ke nan, ta san gonar taku-taku, a cikinta ta girma. Na miƙe za ni tafi ta ce ban isa ba, ɗan yayanta ba zai fita gidanta da yunwa ba. Sai da ta dama kunu, sai da ya huce, sai da na gaida mijinta da maƙwabtan mijinta. Kafin in fito rana ta take tsaka.

Da na iso mashigin na ga ya canza. Rana ta shanye danshin sama, garken shanu kuma ya bi ta wurin ya tattake shi ya zama gari. Abin da aka koya mini shi ne in tsaya, in sauka, in taka da ƙafa in nemi inda ya fi tauri, in rage wa tayu iska, sannan in shiga. Duk na sani. Amma ƙunshin Goggo na gefena a kan kujera, ina ganin Baba a idona, sai na ce bari in yi ta maza. Na sa giya ta biyu na afka. Har tsakiya tana tafiya, sai na ji ta fara nishi, gaba ya yi nauyi. Nan ma na sake yin abin da ko sabon shiga bai yi, na taka totur har ƙasa. Tayun baya suka yi ta feshin rairayi suna tona wa kansu rami, kafin in ɗaga ƙafa ta zauna da cikinta. Sauri ya haifi nawa.

Na sauko na buɗe akwati, ban san me nake tsammanin gani ba. Sifanoni suka kalle ni na kalle su. Na durƙusa na fara tono da hannu, rairayin saman kuwa zafi kamar an soya. Na koma yi da kwanon shan ruwa. Duk abin da na kwashe sai rabinsa ya gangaro ya koma. Na kafa ƙaramin jak na fara juyawa, maimakon mota ta hau, shi ne ke nitsewa. Na sa masa takalmina a ƙasa, ya huda shi ya wuce. Na sa murfin akwati, ya tsage biyu. Na rage iskar tayu, na shiga na gwada, ko motsi. A nan na tsaya a tsakiyar gulbi ni kaɗai na zagi igiya, na zagi rijiya, na zagi gara, har na kai kan azarar masallaci, sannan na yi istigfari.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai da na tsufa. Tiya shida ba kaya ba ne. Da na aza ƙunshin nan a ka na taka, kafin la'asar ina gona, irin kuma cif yadda Goggo ta ƙulle shi. Har na ɗauko shi na yi taku kamar ashirin. Sai na waiwaya na ga motar zaune a tsakiyar gulbi, na tuna hadarin jiya ta gabas ya fi nauyi, kuma in an yi ruwa a can sama, nan yake biyowa ba sallama. Na ce wa kaina wannan motar ce ke ciyar da gida, in ruwa ya tafi da ita mun shiga uku. Gaskiya ne, amma ba ita ce duk gaskiyar ba. Ina son motar nan, kuma ban iya jure a ce mai tol, wanda ke fitar da kowa, ya bar tasa a gulbi ya taho da ƙafa. Na mayar da ƙunshin kan kujera. Ruwan da na ji wa tsoro kuwa bai iso ba sai bayan kwana biyu.

Na hau gaɓa na nufi gonakin da ke kusa. Na tarar da mutane da sungumi, na yi sallama na faɗi abin da ya same ni. Ranar shuka ce, ranar da ko gaisuwar mutuwa a tsaitsaye ake yi, amma mutum takwas suka saɓa sungumansu suka biyo ni. Babbansu wani dattijo ne siriri mai farin gemu. Ya zagaya motar, ya leƙa bodi, ya leƙa akwati, ya dube ni.

"Direba, ina shebur?"

Na ce yana gida.

"Ina katako? Ina igiya?"

Na ce suna gida.

"To kai mi kaz zaka yi nan? Ai da ka zamna gida tare da su."

Suka kwashe da dariya, ni ma na yi, ta dole. Daga nan suka kama aiki, kuma ban taɓa ganin aiki mai kyau irin nasu ba. Huɗu suka shiga janye rairayi daga ƙarƙashinta da sungumi, biyu suka hau gaɓa suna saro rassan geza, ɗaya ya ruga ƙauye ya dawo da gindin fasasshen turmi. A kan wannan turmi ƙaramin jak ya samu wurin tsayawa. Muka ɗaga tayar dama, muka cusa geza, muka sauke, muka koma ta hagu. Dattijon ya kwance tabarmar sallarsa ya shimfiɗa a gaban taya, wani ma ya kawo tasa. A gwajin farko ta yi taku uku ta sake zama. Muka sake daga farko. Na biyu haka. A na uku suka sa kafaɗa gaba ɗaya suna salati, na ba ta wuta a hankali yadda ya kamata in yi tun farko, ta yi gurnani, ta ja, ta ja, sai ga mu a kan gaɓa. Na sauko, inuwa kuwa ta riga ta wuce tsawon mutum.

Na sa hannu a aljihu na miƙa wa dattijon abin da ke ciki. Bai karɓa ba, bai ma kalli hannuna ba. Kujerar mota yake kallo, inda bakin zanen Goggo ya ɗan buɗe.

"Ɗana, kuɗɗi ba su tsira," in ji shi. "Mutum ukku cikinmu, tun sahe sara suka yi ma maƙwabta, ba su da ƙwara guda ta kansu. Mu sauran, abin da munka samu bai kai rabin gona ba. Ba roƙo nika yi ba. In babu hali, Allah shi kiyaye hanya."

Me zan ce? Mutane sun bar danshi yana tsere musu, sun zo sun yi wa baƙo wanka da gumi, tabarmin sallarsu sun yage a ƙarƙashin tayata. Na kwance ƙunshin. Kowa ya cire hularsa ya tara. Na yi niyyar hannu ɗaya-ɗaya, amma in ka zuba hannu ɗaya a hular dattijo ka ga yadda ya kwanta a ƙasanta, sai ka ƙara, ka kuma ƙara. Suka yi ta sa albarka, suka juya da sauri suka nufi gonakinsu, wasu har da gudu. Da na sake ƙulle zanen na ɗaga, da hannu ɗaya na ɗaga shi. Bai fi tiya biyu ba.

Duk hanya ina shirya maganar da zan yi. Yau kam ba bango, ido da ido za ni gaya masa. Ga abin da aro ya jawo. Da shebur ɗina da tol suna nan, ko minti talatin ba zan yi a gulbin nan ba. Na maimaita ta har ta zauna mini a baki. Ban bi ta gida ba, na zarce gona.

Tun daga nesa na ga abin da ya sa na ɗaga ƙafa daga totur. Baba ya sare gandun gaba ɗaya. Shi kaɗai, tun asuba, da sungumi, daga bakin hanya har kwari, layi bayan layi, ramukan shuka a buɗe suna jiran iri. Ya yi haka ne don in na iso kafin azahar sai zubawa kawai. Yanzu bakin kowane rami ya yi fari. Inna da matata na zaune a gindin gawo da ƙoransu wayam a cinya. Shi kuwa yana tsaye a tsakiyar gona, ya dogara da sungumi, rigarsa ta manne a baya, yana kallon hanya.

Na miƙa masa ƙunshin da hannu biyu. Ya karɓa ya ɗan jinjina shi, ya san hannun ƙanwarsa, ya san wannan ba awonta ba ne. Maganar da na shirya ta fito, amma a gurguje, kuma ƙasa nake kallo. Na ce na kafe a gulbi, ba shebur, ba tol, ba babban jak, sai da mutane suka fitar da ni, su kuma iri suke so. Na tsaya a nan. Ban ce masa har na ɗauko ƙunshin na yi taku ashirin na koma ba.

Ya ajiye ƙunshin a ƙasa. Sannan ya ce, "Mota ta hita lahiya?"

Na ce ta fita.

"To, alhamdu lillahi."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya tsuguna ya zura yatsa a wani rami, ya tashi ya gangara kwari ya sake zurawa, ya ce a fara daga can. Ya raba irin a ƙorai huɗu, ya ce ƙwaya kaɗan-kaɗan, kada a cika hannu. Muka jeru, kowa da layinsa, a jefa a rufe da diddige, a jefa a rufe. Da ya ga ƙoran sun kusa ganin ƙasa, sai ya karɓi na matan ya juye a tasa, ya ce su koma gida su aza tukunya, mu maza mu ƙarasa. Suka tafi suna murna an yi shuka.

Bayan layi biyu irin ya ƙare. Ko sulusin gandun ba mu kai ba. Na kife ƙwaryata na tsaya ina jiran ya ce mu tafi. A gonakin da ke gefe maƙwabta na nan suna shuka, wani har ya ɗago hannu ya ce mana barka da ruwa. Baba ya amsa masa. Sai na ga ya gyara riƙon ƙwaryarsa a hannun hagu, ya shiga layi na gaba. Ya sa hannu a cikinta, ya kaɗa yatsu a kan rami, ya rufe da diddige. Ya taka, ya sa hannu, ya kaɗa, ya rufe. Babu komai a ƙwaryar, na gani da idona. Ba ya so gari ya kwana da labarin gandunsa ya tsaya baki buɗe, a ce ɗansa ya tafi ɗauko iri da mota ya dawo hannu rabbana.

Ban taɓa jin kunya da tausayi sun haɗe mini a ƙirji irin na wannan yammaci ba, kuma ban taɓa son mutumin nan kamar lokacin ba. Hawaye suka hana ni ganin layi, na share da hannun riga. Na ɗauki ƙwaryata na shiga na kusa da nasa, na daidaita takuna da nasa. Bai waiwayo ba. Muka yi ta tafiya, muna sa hannu muna kaɗawa muna rufewa, har muka kai bakin hanya, ba mu bar rami ko ɗaya a buɗe ba.